Fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya: tambayoyi da amsoshi

Tunda akwai GPS, mene ne amfanin hasumiyar fitila a bakin teku?

Siginar GPS takan ɗauke, kuma ana iya toshe ta ko a yi mata kutse ta nuna wa jirgi wurin da ba nan yake ba. Fitila kuwa da ido ake ganinta. Shi ya sa yarjejeniyar SOLAS ta ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, babi na 5, doka ta 13, ta ɗora wa ƙasashen da suka sa hannu nauyin kafa alamomi gwargwadon zirga-zirgar jirage da girman haɗari.

Da dare, yaya matuƙi ke gane wace fitila yake gani?

Kowace da salon ƙiftawarta. Idan taswirar teku ta rubuta Fl(3) 15s, ma'ana fitilar tana ƙiftawa sau uku, ta yi duhu, ta sake, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa 15. Matuƙi yakan riƙe agogo ya ƙirga, ya maimaita, sannan ya amince. Don haka fitilar da na'urarta ta rikice ta fi wadda ta mutu haɗari. Wadda ta mutu an san ba ta nan, wadda ke ƙiftawa sau biyu maimakon uku kuwa tana iya sa matuƙi ya ɗauka wata ce, ya kai jirginsa kan dutse.

Daga ina ake fara hango ta?

Ƙarfin haske kaɗai bai isa ba, saboda duniya a lanƙwashe take. Fitila mai tsayin mita 36 daga saman ruwa, idan idon matuƙi yana kan tsayin mita 9, za ta ɓullo daga kusan mil 19 na teku, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. Hazo yana rage wannan sosai.

Alamomin da ke iyo a ruwa fa, me launinsu ke nufi?

Ƙungiyar IALA ta duniya, mai tsara ƙa'idojin alamomin teku, wadda aka kafa a 1957, ta raba duniya gida biyu. A yankin A (Turai, Afirka, Ostareliya da mafi yawan Asiya) jirgin da ke shiga tasha yana barin ja a hagunsa, kore a damansa. A yankin B (nahiyar Amurka, Japan, Koriya ta Kudu da Filifin) akasin haka ne. Masu launin baƙi da rawaya suna nuna ɓangaren da ruwa ke da lafiya, kuma ƙiftawarsu ta bi fuskar agogo: gabas 3, kudu 6 da doguwa ɗaya, yamma 9, arewa ba tsayawa.

Me ya fi lalacewa?

Sarƙa. Ita ke ɗaure alamar da dunƙulen kankare ko ƙarfe a ƙasan teku, tsawonta yawanci ninki biyu zuwa uku na zurfin ruwan. Inda take fara taɓa ƙasa, igiyar ruwa na ɗaga ta tana saukewa dare da rana, yashi yana cin ta kamar zarto. Dole a ciro ta a auna kaurin zobban wannan wurin ɗaya bayan ɗaya. Duban sama ba ya nuna komai, alamar tana nan da fentinta har ranar da sarƙar za ta tsinke.

Sai wuta. Kashin tsuntsaye da gishiri suna rufe faifan sola, batir ya daina cika, fitila ta riƙa mutuwa kafin asuba. Ruwa kuma yakan shiga ta inda waya ta ratsa akwati, tsatsa ta ci mahaɗa.

Har yanzu akwai masu kwana a hasumiya?

Sun ragu ƙwarai. A Ingila, na ƙarshe sun bar hasumiyar North Foreland a 1998. Yanzu na'ura ke aika rahoton ƙarfin batir da halin fitila zuwa ɗakin sa ido. Mizanin IALA ga alama mai daraja ta ɗaya shi ne ta yi aiki kashi 99.8 cikin ɗari, wato cikin shekara uku duk lokacin mutuwarta kada ya wuce kimanin awa 53. Da zarar ta mutu, ana sanar da jirage ta rediyo da NAVTEX (tsarin aika wa jirage saƙon gargaɗi a rubuce) tun kafin masu gyara su tashi.