Damagaram da ƙishirwa: daga ina matsalar ta faro?

Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san ƙarar jarka cikin dare. Wajen ƙarfe biyu ko uku, sai ka ji wata mata ta ɗaga murya daga bayan katanga: "Ruwa ya zo!" Nan take gida ya tashi. Ina yaro, innata takan bar kan famfo a buɗe, ta ajiye tasa ƙarƙashinsa domin ɗigon farko ya tashe ta. Wani daren sai iska kawai bututun ke hurawa har asuba.

Tushen abin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Garin Zinder, wato Damagaram, a kan shimfiɗaɗɗen dutse yake zaune. Manyan duwatsun da ke tsakanin gidajen Birni, tsohuwar unguwar garin, kawunansu ne kaɗai muke gani, sauran na shimfiɗe a ƙasa, kuma irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai ɗan abin da ya maƙale a tsagoginsa. Shi ya sa mutum zai haƙa rijiya a Mirriya ko kwarin Korama ya tarar da ruwa kusa, amma a cikin gari ya yi ta fama da dutse. Ga damina gajera, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba.

Zamanin sarakuna, lokacin da Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwa, ayarin Azbin da Kano na sauka a Zango, rijiyoyi da tabkuna ne ke ɗauke da jama'a. Dutsen da ya hana ruwa shi ya ba garin tsaro, mutane kuma ba su da yawa. Faransawa suka kama garin a 1899, suka mai da shi hedkwatar ƙasar Nijar a 1911. A 1926 suka kwashe mulki zuwa Yamai, bakin kogin Kwara, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Akwai siyasa a ciki, babu shakka, amma dattawanmu har yau in an taɓo zancen sai su ce ruwa ne ya raba Damagaram da kujera.

Tun daga nan dabarar ɗaya ce: a je nesa a ɗebo. Aka fara da rijiyoyin Gogo da Machaya, inda rairayi ke adana ruwan damina, har aka yi 'yan madatsu don ruwan ya tsaya ya nutse. Rauninsu a fili yake: in damina ta gaza, kamar lokacin farin da aka yi a 1973 da 1984, su ma sai su ja baya. Aka juya arewa zuwa Arunguza, daga baya Ganaram, inda ƙasar Sin ta sa hannu a aikin. Kowane sabon bututu yakan kawo sauƙi na 'yan shekaru, a yi murna, sai gari ya sake yi masa yawa. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 300,000 a birnin, unguwanni kuma kullum ƙara miƙewa suke.

Masu riƙon aikin ma sun sauya. A 2001 aka raba shi biyu, kamfanin gwamnati SPEN ya riƙe kadarori da gine-gine, kamfanin 'yan kasuwa SEEN ya riƙe rarrabawa da karɓar kuɗi. A farkon 2024 kamfanin gwamnati NDE ya gaji SEEN. Sai dai ruwan da ake turowa daga nesa yana bukatar lantarki, in wuta ta ɗauke injuna su tsaya, unguwannin tudu su ne na farko da ke rasawa.

Wanda ya fi cutuwa shi ne marar famfo a gida. Shi ke jiran ɗan garuwa ya turo kura, kuma kuɗin jarka a watan Afrilu ba irin na Agusta ba ne. Talaka ke sayen ruwa da tsada fiye da mai mita. 'Yan mata kuma su ke biya da barcinsu da karatunsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan da ke sauko mana daga sama. Dutsen nan ba ya sha, don haka ruwa na gangarowa da ƙarfi zuwa tabkuna irin na Kanya. Mun cika wasunsu da shara da leda, mun yanka filaye a bakinsu mun yi gini. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Na je na tsaya gaban tarin ƙasar, mutane na ta salati. Da bazara ta zagayo, a titin da ruwan ya bi ya yi ɓarna, yara na jere da jarkoki suna jiran layi ya motsa.