Waiwaye: Daga faifan da ake aikawa ta gidan waya zuwa taurarin da ake rabawa kyauta

Tun farkon shekarun 1980 mai rubuta manhaja shi kaɗai a ɗakinsa yake fama da matsala ɗaya: ya gama aiki, amma ta yaya mutane za su san da shi? Ba shi da kuɗin talla, kantunan kwamfuta kuma manyan kamfanoni suke kula. A 1982, a Amurka, Andrew Fluegelman mai PC-Talk da Jim Knopf mai PC-File suka ɓullo da dabarar cewa kowa ya kwafa ya bai wa ɗan'uwansa, wanda ya ji daɗin aiki da ita ya aiko da kuɗi. Bob Wallace ya bi sahu a 1983 da PC-Write. Cinikin amana ne zalla, kuma ya ci, har masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu, Association of Shareware Professionals, a 1987.

A lokacin, manhaja kan zagaya ne a faifai ta gidan waya, ko ta allunan saƙonnin da ake shiga ta layin tarho. Wasan Doom na 1993 ya nuna ƙarfin hanyar: kashin farko kyauta, sauran sai an biya.

Da intanet ta buɗe, sai rumbunan sauke manhaja suka karɓi ragama. Scott Swedorski ya fara Tucows a 1993 a garin Flint na jihar Michigan, kamfanin CNET ya buɗe Download.com a 1996. Tucows ya yi suna da makinsa na shanu, saniya ɗaya zuwa biyar, kuma mutane ne ke zama su girka manhajar, su gwada ta, sannan su ba da maki. Wanda ya samu shanu biyar yakan manna tambarin a shafinsa yana alfahari, domin ya san ba a banza ya samu ba. A nan darajar maki take: akwai wanda ya ɓata lokacinsa ya duba, kuma sunansa zai zube idan ya yabi abin banza.

Abin ya fara lalacewa ne ta wata hanya da aka yi da kyakkyawar niyya. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyar nan ta masu manhaja ta fito da fayil ɗin PAD, ɗan ƙaramin fayil da ke ɗauke da sunan manhaja, bayaninta, farashinta da adireshin sauke ta. Maimakon cike fom a kowane shafi, mai manhaja ya rubuta sau ɗaya, rumbuna su kwasa da kansu. Sauƙi ne ga mai manhaja, amma ya fi zama sauƙi ga wanda yake son buɗe rumbu ba tare da ya taɓa gwada komai ba. Ɗaruruwan shafuka suka tsiro, kayansu iri ɗaya, abincinsu talla. Su kuma suna buƙatar Google ya ɗaga su sama, shi kuwa Google yana ƙirga yawan shafukan da ke nuni zuwa gare ka. To sai a aiko wa mai manhaja wasiƙa cewa an ba shi taurari biyar, ga tambari ya manna a shafinsa. A ƙarƙashin tambarin akwai mahaɗin da ke komawa rumbun. Tauraron ya zama ƙugiya, mai manhaja ne kifin.

A 2007 wani mai manhaja ɗan Birtaniya, Andy Brice, ya gwada su. Ya ɗauki fayil ɗin rubutu da ba ya yin komai, ya sauya masa suna ya zama kamar manhaja, ya kira shi awardmestars, ya kuma rubuta ƙarara a bayaninsa cewa ba ya aikin komai. Aka tura shi rumbuna kusan 1,000. Cikin makonni biyu sama da 200 suka jera shi, ya kuma tashi da lambobin yabo 16. Ko bayanin ba su karanta ba, balle su girka. Wasu rumbunan sun ƙi karɓa, kuma ya kamata a faɗi haka, amma mai saukewa ba shi da yadda zai bambanta tauraron gaskiya da na bogi.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo, domin manyan ne suka yi shi. A 2011 Download.com ya fara naɗe manhajojin mutane cikin nasa magirkin, wanda ke cusa wa mai saukewa ƙarin kayan da bai nema ba, irin su sandar bincike a burauza. Gordon Lyon, mai manhajar tsaro ta Nmap, ya fito ya yi tir a watan Disamba na shekarar, har aka ba da haƙuri. Rumbun SourceForge ya shigo da makamancin wannan tsari a 2013, a 2015 ya yi wa manhajar gyaran hoto ta GIMP haka ba da yardar masu ita ba, sai a 2016 sababbin masu shafin suka soke shi. Mutum ya shekara yana gyara aikinsa, wani ya liƙa masa datti, zagin kuma a kansa yake sauka.

Kafin nan kasuwa ta riga ta juya. Apple ya buɗe kantin manhajojinsa na App Store a Yulin 2008, Android Market na Google ya biyo a Oktoba, makin ya koma hannun masu amfani. An samu tsaro fiye da da, amma da tsada: kashi 30 cikin 100 na ciniki, wanda Apple ya rage zuwa 15 a 2021 ga waɗanda ba su wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. Maguɗin kuwa sai ya sauya riga, aka koma sayen sharhin ƙarya da yin taron dangi a zubar da makin wanda aka ji haushinsa. Mai manhaja ɗaya tilo, da 'yan sharhi ashirin, shi ya fi jin wannan a jikinsa. Tucows ya rufe sashen sauke manhajarsa a Janairun 2021, sannan a 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta kafa dokar da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, tare da tara ga wanda aka kama.