Shimfiɗa Bututun Banɗaki a Ƙarƙashin Daɓen Kankare

Shimfiɗa bututun banɗaki a ƙarƙashin daɓe aiki ne da ake yi idan ana gyaran tsohon gida, ko za a ƙara sabon banɗaki, ko za a canza mazaunin masai da wurin wanka a ginin da aka riga aka zuba wa kankare. Ruwan banɗaki ba famfo ke tura shi ba, nauyinsa ne ke gangarar da shi, saboda haka dole bututun ya bi ta ƙarƙashin daɓen har ya kai cemba, daga nan zuwa sokawe ko babbar magudanar gari.

Kafin a fasa komai, mai aikin famfo yakan nemo inda tsohon bututu ya bi da zurfinsa, domin wannan zurfin ne ke nuna iyakar nisan da sabon masai zai iya yi. Akan shata layi a daɓe, a yanka da injin yanka kankare ana zuba ruwa, saboda ƙurar kankare na ɗauke da sinadarin silika mai lalata huhu. A gidaje da yawa na kudancin ƙasar Amurka, kamar na jihar Texas, akwai daɓen da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe masu tsananin ja, kuma yanke ɗaya daga cikinsu na iya raunata ma'aikaci ya kuma raunana ginin. Shi ya sa ake fara duba cikin kankaren da na'ura. Harsashin gini kuwa ba a sare shi sai da izinin injiniya.

Yawanci bututun roba na PVC ake amfani da shi, wanda ya maye gurbin na ƙarfen zubi da ake samu a tsofaffin gidaje. Masai na bukatar bututu mai faɗin inci 3 ko 4, wato kimanin milimita 110 a babban, yayin da na wurin wanka kan kasance inci 2.

Gangara ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Ƙa'idar aikin famfo ta International Plumbing Code, wadda jihohi da dama na Amurka ke bi, ta tanadi gangarar aƙalla rubu'in inci a kowace ƙafa ga ƙananan bututu, wato kusan santimita 2 a kowace mita, sannan rabin haka ga masu faɗin inci 3 zuwa 6. Ƙaramin bututu mai tsawon mita 3 ke nan zai sauka da kimanin santimita 6. Ba da ido ake ƙiyasta wannan ba, da ma'aunin lebur ake bi gaɓa-gaɓa, kuma a kan yashi da aka daddale ake kwantar da bututun, domin idan ƙasa ta lotsa a tsakiya sai ruwa ya kwanta a wurin, ƙazanta ta taru, toshewa ta riƙa dawowa. Inda hanya za ta juya, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai digiri 90.

Kowane wurin wanka da wurin wanke hannu na bukatar lanƙwasa mai riƙe ruwa kaɗan don tare wari, tare da bututun iska da ke fita sama da rufi, wanda ke hana a zuƙe ruwan lanƙwasar idan an kora masai.

Ba daidai ba ne a rufe rami ba tare da gwaji ba, domin yoyon da aka binne ba ya bayyana sai ya jiƙe ƙasa ya kawo danshi a bango. Akan toshe bakunan bututun, a cika shi da ruwa har tsayin ƙafa 10, a bar shi aƙalla minti 15 ana duba kowace mahaɗa da aka sa wa gam. Idan ruwan bai ragu ba, sai a lulluɓe bututun da yashi, a daddale, a shimfiɗa leda mai kauri, a huda gefen tsohon daɓe a soka rodi domin sabon kankare ya kama shi, sannan a zuba a bar shi ya bushe sosai kafin a sa tayil.