Sarrafa keke a kan hanya mai tarkace

Sarrafa keke a kan hanya mai tarkace shi ne dabarun da mahayi ke bi don ya wuce yashi, tsakuwa, fasassun kwalabe, ƙusoshi, ƙaya ko reshen itace ba tare da ya faɗi ko ya yi faci ba. Abin ya fi shafar mai keke fiye da mai mota, domin motoci na share tsakiyar kwalta da tayoyinsu, su tura datti zuwa gefe, kuma gefen nan ne mai keke ke bi. A Nijeriya da Nijar ana tuƙi ta hannun dama, don haka tarkacen na taruwa a gefen dama, kusa da kwata.

Ido da tazara

Tushen dabarun duka shi ne hange. Mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita 5 a kowace daƙiƙa, don haka wanda ya kafa ido a kan tayar gaba ba zai ga dutse ba sai ya riga ya hau shi. Masu koyar da tuƙi suna nanata cewa keke na bin inda ido ya kalla. Wanda ya zura wa kwalba ido yana tsoron taka ta, galibi ita zai taka. Ana so mahayi ya dubi sararin da ke gefenta.

Idan an hango abu daga nesa, sai a waiwaya ta kafaɗar hagu, a miƙa hannu, a karkata a hankali. Kaucewa kwatsam zuwa cikin titi ta fi tarkacen haɗari nesa ba kusa ba, domin faci ana liƙe shi a wurin mai faci, amma babur ko a-daidaita-sahu da ke tafe a baya ba ya tsammanin keken zai shigo masa. Barin 'yar tazara tsakanin keke da bakin kwata tun farko yana rage wannan matsala.

Yashi da tsakuwa

Yashi ne ya fi kayar da mutane, musamman bayan ruwan sama ya kwaso shi ya zuba a kwana ko a gindin gada. Keke na tsayuwa ne bisa ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa. In tayar baya ta zame, sau da yawa mahayi na iya farfaɗowa. In ta gaba ce, faɗuwa kan zo kafin a ankara. Saboda haka ake rage gudu kafin a shiga yashi, a saki birki idan an shiga. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke a busasshiyar kwalta, amma a kan yashi shi ne ke kwashe tayar.

A cikin rairayi mai zurfi, mahayi na ja da jikinsa baya a kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi, ya ci gaba da taka feda ba tsayawa, ya riƙe kan keke sako-sako. Kan zai yi ta rawa hagu da dama, kuma ƙanƙame shi na ƙara dagula lamarin. Wanda ya ɗauko buhun hatsi ko jarkokin ruwa a kariya, sauka ya tura ya fi masa.

Ƙaramin abu da ya bayyana kwatsam

Akwai dabarar zille wa dutse da ƙungiyar League of American Bicyclists ta Amurka ke koyarwa. Mahayi na fizgar kan keke kaɗan zuwa gefe ɗaya har tayar gaba ta wuce dutsen, nan take ya mayar da shi. Jikinsa na ci gaba a miƙe, tayoyin kaɗai ke zagayewa, don haka ba ya shiga layin motoci. Ana gwada ta a fili da soso ko murfin kwalba kafin a yi ta a titi.

Idan ba halin kaucewa, sai a tunkari abin kai tsaye, a ɗaga daga sirdi, feda biyu a daidaita su, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe don su shanye jijjigar. Sanda, tiyo ko layin dogo ana ƙetare su ne a gicciye sosai, domin wanda ya zo musu a karkace, tayar gaba za ta bi tsawonsu ta zame. Siririn reshe kuma na iya tashi ya shiga wayoyin ƙafar gaba, ya tsayar da ita cak, ya wurga mahayi ta saman kan keke.

Taya da faci

Tayar iska, wadda John Boyd Dunlop ya ƙera a Belfast a 1888, ita ta sa keke ya yi laushin tafiya, ita kuma ta zo da faci. Taya mai ƙarancin iska idan ta daki dutse, ƙarfen rim na matse robar ciki ya huda ta wuri biyu dab da juna, kamar saran maciji. A hanyoyin karkara na ƙasar Hausa kuwa ƙaya ce babbar matsala: tsidau da ke shimfiɗe a ƙasa, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, musamman inda aka yi shingen gona da rassansu.

Gilashi da ƙaya ba kullum suke hudawa nan take ba. Sukan maƙale a bayan taya, su riƙa nutsewa da kowane juyi. Wanda ya taka fasassun kwalabe, gara ya tsaya, ya juya tayar da hannu ya cire abin da ya maƙale. Wurin yin faci ma, gwanin mai faci kan zagaya cikin tayar da yatsa a hankali kafin ya mayar da robar, domin tsinin da aka bari a ciki zai sake huda ta kafin a isa gida.