Jego a Baƙon Gari: Magana ga Mai Jego, Maigidanta da Maƙwabta

A gida mace ba ta jego ita kaɗai. In haihuwar fari ce, tun ciki ya tsufa ake mai da ita gaban iyayenta goyon ciki. In kuma a ɗakinta ta sauka, akwai uwar miji, akwai gwaggo ko inna da za ta zo ta zauna har a yi arba'in. Wata ta dafa ruwan wanka, wata ta dama kunu, wata ta karɓi jariri don uwar ta samu ta runtsa. To a nan Garwa, a Arewacin Kamaru, haka ma Marwa da Ngaundare, muna da mata da yawa waɗanda aure ko fataucin miji ya kawo daga Kano, Mubi, Yola, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram. Suna haihuwa a ɗakin haya, miji ya fita kasuwa tun safe sai magariba, maƙwabta Fillanci suke yi, a asibiti kuma da Faransanci ake rubuta komai. A aikina na lafiyar uwa da jariri su ne suka fi tsaya mini a rai.

Babban abin da mai jego take rasawa in ta yi nisa da gida shi ne idon manya. Tsohuwar da ta raini 'ya'ya da jikoki, kallo ɗaya za ta yi wa jariri ta ce yaron nan ba ya jin daɗi. Yarinya mai haihuwar fari ba ta kai nan ba tukuna, ga shi kuma jariri a watansa na farko ba ya jan ciwo da nisa: wanda yake lafiya lau da asuba yana iya galabaita kafin isha'i. Don haka abin da tsohuwa take ganewa da gogewa, dole ke da maigidanki ku koye shi yanzu.

In jariri ya ƙi kama nono bayan da yana sha, ko jikinsa ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau duk da an lulluɓe shi, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Numfashi kuwa ƙirga shi ake yi. Ki bari sai yana kwance shiru, ki ɗaga masa riga, ki ɗora wayarki a gefe, ki ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cur. In ya kai 60 ko ya wuce, ki sake ƙirgawa. In an sake samun haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sosai in ya ja iska, ki ɗauki mayafinki ku tafi. Ciwon shawara ma yana ɓuya, domin ɗakin mai jego yawanci a rufe yake da labule. Kowace safiya a makon farko ki kawo shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki duba farin idonsa, ki danna goshinsa da yatsa ki saki ki ga launin da ya fito. In rawaya ta bayyana tun a yinin farko na haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, ba ta jira ba ce, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Sai maganar waya. Kusan kowace baƙuwar mai jego da na sani tana kwana tana tashi da saƙon murya daga gida. Alheri ne, yana rage kewa, kuma ba zan taɓa ce wa 'ya ta ƙi jin maganar mahaifiyarta ba. Amma Hajiya tana Kano, ba ta ganin yaron, abin da kika faɗa mata kawai take ji. In ta ce a ɗan jiƙa masa wani abu a ga yadda zai kwana, ita da ido ta saba aunawa, a nan kuwa idon ba ya wurin. Ki ce mata, "To Hajiya, bari mu kai shi a duba tukuna, in mun dawo zan kira ki." Ba a yi rashin ladabi ba, ba a kuma yi jinkiri ba.

Shawarar da ta fi yawan zuwa ta waya ita ce a ba shi ruwa. Na san dalili. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, babba ma maƙoshinsa bushewa yake yi, sai uwa ta ga kamar zalunci ne a hana jariri ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta wanda bai bi ta randa ko jarka ba. In zafi ya yi yawa, ki ƙara ba shi nono, ke kuma ki sha ruwa sosai. Jariri yana neman nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma in ya kwana biyar a duniya yana fitsari sau shida ko fiye a rana, to yana ƙoshi. Nono zalla har wata shida, dakashin farko kuma kada a matse a zubar, shi ne kariyarsa ta farko. Zuma a bar ta sai ya shekara. Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, ba toka, ba man goge haƙori, sai abin da aka ba ki a asibiti. In gindinta ya yi ja ko yana fitar da ruwa mai wari, a kawo shi. Ranar suna a yi aski da sabuwar reza, amma ina roƙon iyaye maza da su hana cire beli. Jini da ƙwayar cuta ake jawo wa yaro, belin kuwa bai tare masa komai ba.

Ita ma uwar tana bukatar mai lura da ita. Wanka da ruwan ɗumi yana warware gajiya, ba mai hana shi. Abin da nake tsoro shi ne tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, da kunun kanwa kofi bayan kofi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin nan. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar. In ƙafafunki sun kumbura, kina haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko ba kya iya kwanciya sai kin jingina, kada ki ce gajiyar haihuwa ce. Haka in jini ya ɓalle, ko zazzaɓi ya zo da wari a gaba, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi.

Malam maigida, aikin da mata biyar suke rabawa a gidanku na gado yanzu a wuyanka yake. Kafin ka ware kuɗin rago, ka ware na asibiti ka ajiye inda ita ma ta sani. Ka riƙe lambar mai babur ko mai mota wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Ka ba ta izini tun yanzu, a fili, cewa in ta ga ɗaya daga alamun nan ta fita ba sai ta jira ka dawo daga kasuwa ba, domin mun sha karɓar jariran da aka riƙe a ɗaki tun hantsi ana jiran maigida. Kai ne ka iya Fillanci da ɗan Faransancin kasuwa, to ka raka ta awo, ka tsaya a yi maka bayanin magani har ka gane, ka maimaita mata da Hausa. Ɗebo ruwa da riƙe yaro bayan sallar asuba don ta yi barcin awa biyu ba su rage wa namiji komai.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mace da yawa tana samun kanta tana kuka ba dalili a kwanakin farko, wannan yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, ba ta cin abinci, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, ba ta jin sha'awar ɗaukarsa, ko tana cewa gara ta mutu, ciwo ne da ake magani, kuma kaɗaici yana rura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da irin wannan damuwa bayan haihuwa. Ku matan unguwa, barka ba ta ƙare ranar suna ba. An watse, an kwashe tabarmi, daga rana ta takwas ne baƙuwa take sanin ita kaɗai ce. Ku leƙa ta ko ba ku jin yaren juna. Kwanon miya da karɓar yaro ta yi wanka a natse ba sa bukatar tafinta.

Kalmar da ta fi ba ni wahala a bakin baƙi ita ce "sai mun koma gida." Allurar rigakafi sai mun koma gida, takardar haihuwa sai mun koma gida, komawar kuma sai ta kai shekara biyu. Rigakafin yara kyauta ne a Kamaru, kuma lokutansa na farko ɗaya ne da na Najeriya da Nijar: BCG, wato allurar tarin fuka, da ɗigon shan inna da haihuwa, sannan mako 6, mako 10 da mako 14. Abin da aka rubuta a karne, wato katin rigakafi, a nan, ma'aikacin lafiya a Kano zai karanta ya ɗora daga inda aka tsaya. Tun Janairun 2024 Kamaru ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara a wasu gundumomin lafiya, ana farawa daga wata shida, sai ki tambaya ko ana yi a inda kike. Kafin nan, ke da jariri ku riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani. Mai ciki kuma ta nemi Chèque Santé, wato takardar shirin tallafin lafiyar masu ciki, tun a awon farko. Sefa 6,000 ne, yana ɗaukar awo da haihuwa har da tiyata, da kula da uwa da jariri zuwa kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da suke cikin shirin.

Takardar da asibiti take ba ku ranar sallama shaidar haihuwa ce kawai, ba ita ce akte ba, wato takardar haihuwa ta hukuma. Da yawa suna fita kafin a raɗa suna, daga nan ba su sake waiwaya ba. Bayan suna, maigida ya ɗauki wannan shaidar da katinsa na shaida ya je ofishin magajin gari ko cibiyar rajista ta unguwa cikin kwana 90. In lokaci ya wuce, sai an bi ta hannun hukumomin shari'a, da zirga-zirga da kashe kuɗi, yaron da ba shi da akte kuma yakan maƙale in ya zo jarrabawar gama firamare. Wasu suna tsoron kada takardar Kamaru ta raba ɗansu da ƙasarsu. Ɗan da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Najeriya ne, tsarin mulkin Najeriya ya ba shi zama ɗan ƙasa ko a ina aka haife shi, akten ma shi za a nuna in an zo nema masa fasfo. Kafin ka sa hannu, ka duba yadda aka rubuta sunaye. A nan Usman yakan koma Ousmanou, A'isha ta koma Aïssatou. Ka rubuta sunan yaro a takarda ka miƙa wa magatakarda, sunanka kuma a kwafe shi harafi da harafi yadda yake a katinka, domin gyaran harafi ɗaya daga baya yana da wahala.