Karaya da gocewa a wuyan hannu: me likitan ƙashi yake nufi?

In yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko magidanci ya kife da babur a hanyar kasuwar Wudil ya dafa ƙasa da tafin hannu, mu a ƙauye da wuyan hannu ya kumbura sai mu ce targaɗe ne. Wani lokaci kuwa abin da likitoci ke kira karaya da gocewa ne, wato ƙashi ya karye, gaɓa kuma ta bar mazauninta lokaci guda.

Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa takwas ne, sahu biyu, jijiyoyi masu tauri sun ɗaure su. A tsakiyarsu akwai wani mai siffar jinjirin wata, ana ce masa lunet. A kewayensa ɓarnar ke faruwa. A 1980 wani likita mai suna Mayfield da abokan aikinsa suka kasa ta mataki huɗu: tana farawa da tsinkewar jijiyar da ta haɗa lunet da maƙwabcinsa na wajen babban yatsa, ta yi ta zagayawa, har a mataki na huɗu lunet ɗin ya tsallake ya faɗo ta wajen tafin hannu. In an ɗauki hoto ta gefe, sai a gan shi kamar ƙoƙon da ya tuntsure. Idan jijiyoyi kaɗai suka tsinke, wannan kashi ɗaya ne; idan ƙarfin ya ratsa ƙashi ya karya shi, wannan ne karaya da gocewa.

Abin da ke damuna shi ne ko a asibiti yakan ɓuya, in ba a duba hoton gefe da kyau ba. Ƙashin da ya goce yakan danne jijiyar ji, babban yatsa da manuniya da na tsakiya su yi ta mutuwa. Wanda ya ji haka kada ya kwana a gida.

Masu ɗori suna da wurinsu, amma kara da tsumma ba sa ɗinke jijiya. Likita zai fara mayar da ƙashin cikin gaggawa, sannan a yi tiyata: a ɗaure wanda ya karye da noti, a ɗinke jijiyoyi, a kafa siraran ƙarafa na wajen wata biyu. Asibitin ƙashi na Dala a Kano shi ne wurin da ya kamata a nufa. In aka yi watanni ana jinya a gida, sau da yawa sai dai a cire sahu guda na ƙasusuwan, ko a haɗe gaɓar ta daina lanƙwasuwa.