Waiwaye: yadda aka raba ikon sarki gida uku

Duk ɗalibin sakandaren da ya yi darasin gwamnati ya haddace cewa rassan mulki uku ne: majalisa, ɓangaren zartarwa da kotu. Ana bitar su don cin jarrabawa, ba kasafai ake tambayar abin da ya haife su ba. Tsoro ne ya haife su, tsoron abin da mutum ɗaya zai aikata idan komai ya taru a hannunsa.

Tushen yana da nisa. Polybius, Bagirken da aka kai Rum a matsayin garkuwa a shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lura da yadda shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara, da majalisar dattawa, da taron jama'a suke taka wa juna birki, ya ce a nan ƙarfin Rum yake.

Amma a Ingila ne magana ta kai ga jini. Sarki Charles na Ɗaya ya yi mulki daga 1629 zuwa 1640 bai kira majalisa ba, yana ɗora haraji yadda ya ga dama. Ranar 4 ga Janairun 1642 ya shiga zauren wakilai da ƙafarsa, dakarunsa na cirko-cirko a bakin ƙofa, zai kama 'yan majalisa biyar. Ya tarar sun sulale. Ya juya ga kakakin majalisa, William Lenthall, ya tambaye shi ina suke. Lenthall ya durƙusa, ya ce a wannan zaure ba shi da idon gani ko harshen magana sai yadda majalisa ta umarce shi. A shekarar yaƙin basasa ya ɓarke, a Janairun 1649 aka fille kan sarkin. Har gobe, ranar buɗe majalisa, idan manzon sarki ya doso zauren wakilai sai an banko masa ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe.

John Locke, wanda mahaifinsa ya yi yaƙi a ɓangaren majalisa, ya kawo hujjar a rubutunsa na 1689: idan mai yin doka shi ne mai zartar da ita, to zai tsame kansa daga cikinta. Bai ware kotu a matsayin reshe ba. Dokar 1701 ce ta hana sarki korar alƙali sai da buƙatar majalisun biyu.

Wanda ya cika lissafin uku shi ne Montesquieu, alƙali daga Bordeaux a Faransa, ƙasar da sarki kan sa hannu a takarda a kulle mutum ba shari'a. Ya zauna a Ingila daga 1729 zuwa 1731, sannan a 1748 ya fitar da littafinsa kan dokoki a Janiba, bai sa sunansa ba. Maganarsa ita ce duk wanda ya samu iko sai ya nemi wuce gona da iri, kuma ba abin da ke tsayar da iko sai wani ikon. Ya ɗan ƙawata Ingila fiye da yadda take, domin ministocin lokacin a cikin majalisa suke zaune, suna sayen goyon baya da muƙamai. A ganina hakan bai rage darajar aikinsa ba. Ya zana abin da ya kamata, wasu suka zo suka gina.

Maginan su ne Amurkawan da suka taru a Philadelphia a 1787. James Madison ya gane cewa rubuta iyaka a takarda ba ya hana kowa tsallakawa. Ya ce da mutane mala'iku ne, da ba a buƙatar gwamnati, don haka a bar kwaɗayin wannan ya tare kwaɗayin wancan. Shugaba na iya ƙin sa hannu a doka, majalisa na riƙe da lalitar gwamnati kuma tana iya tsige shi, naɗe-naɗensa sai dattawa sun amince. A 1803 Kotun Ƙoli ƙarƙashin John Marshall ta tabbatar wa kanta ikon soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki.

Inda lissafin ya yi gardama shi ne jam'iyya. An ɗauka ɗan majalisa zai yi kishin majalisarsa, sai ga shi ya fi kishin jam'iyyarsa. Madison kansa, cikin 'yan shekaru, ya haɗa kai da Thomas Jefferson suka kafa tasu.

Wannan gado Najeriya ta ɗauko a 1979, bayan kwamitin Rotimi Williams da Janar Murtala ya kafa a 1975 ya zaɓi tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka maimakon na firaminista. Mun ga fuskokinsa duka. A Kaduna, majalisar da jam'iyyar NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, ta tsige shi a Yunin 1981. A Mayun 2006 kuwa majalisar dattawa ta yi fatali da gyaran da zai buɗe ƙofar tazarce, duk da cewa jam'iyyar Shugaba Obasanjo ce ke da rinjaye.

Abin da ya fi damuna shi ne jihohi, inda kuɗin majalisa da na kotu suka daɗe suna fitowa ta hannun gwamna. Wanda albashinsa ke aljihunka da wuya ya ɗaga maka murya. A 2018 aka gyara tsarin mulki don ba su 'yancin kuɗinsu, gwamnoni da dama suka yi ta jan ƙafa. Shugaba Buhari ya fitar da umarni na 10 a 2020 don tilasta musu, jihohi suka garzaya Kotun Ƙoli, a Fabrairun 2022 ta soke umarnin bisa hujjar cewa shugaban ya wuce hurumin da tsarin mulki ya ba shi.